Ido Yana da Dogaransa, Kada Mu Kore Su

Ya ku ƴan uwa manoma, maza da mata, na Safo da kewaye. Idan kaka ta kama, gero ya nuna, hankalin kowa yana kan rumbu. Maza suna girbi suna ɗaurin dami. Mata suna sussuka suna sheƙa. A daidai wannan lokaci ne ido yake shan wahala. Ganyen gero ya shafe shi, ƙaiƙayi ya faɗa masa, tsinken kara ya tsokane shi. Kafin a gama da wannan, sai hunturu ya sauko da ƙurarsa.

Da ido ya yi ja, abin da muka saba shi ne mu nemi abin da za mu ɗiga masa. Wani ya ce ruwan ganye. Wata ta ce nono. Wani ya ce ruwan sukari. Wani kuwa ya je kasuwa ya sayo ƴar kwalba wurin mai kasa magani a rana.

Ra'ayina shi ne mu bar wannan al'ada. Ido ba gida ne marar mai gadi ba. An halicce shi da dogarai masu tsaronsa dare da rana. Yawancin abin da muke zuba masa ba ya taimakon dogaran nan, korarsu yake yi. Aikinmu guda uku ne: mu tsabtace fuska, mu ciyar da jiki, idan kuma abin ya fi ƙarfin dogarai, mu garzaya gidan likita ba tare da ɓata lokaci ba.

Hawaye ba ruwa ba ne kawai

A gaban baƙin ido akwai wata fata mai haske kamar gilashi. Ta nan haske yake shiga har mu gani. Kaurinta bai wuce rabin milimita da ɗan kaɗan ba. Babu jijiyar jini a cikinta, domin da akwai, da ta tare haske. To, wurin da jini ba ya zuwa, wa yake tsaronsa? Hawaye ne.

Ba sai mutum ya yi kuka ba yake da hawaye. Kullum akwai hawaye kwance a kan ido, shi ya sa yake ƙyalli. Wannan hawaye hawa uku ne. Na ƙasa majina ce mai yauƙi, tana manne wa ido, tana kama ƙura da ƙwayoyin cuta. Na tsakiya ruwa ne, yana fitowa daga wata ƴar ƙaba da ke ƙarƙashin ƙashin gira. Na sama kuwa mai ne, yana fitowa daga ƙananan ƙofofi a bakin fatar ido. Man nan shi ke hana hawaye bushewa, kamar yadda marufi yake hana ruwan randa ƙafewa.

Mutum yana ƙifta ido wajen sau 15 a minti ɗaya. Kowace ƙiftawa shara ce. Tana share tsohon hawaye da dattinsa zuwa wata ƴar kafa ta gefen hanci, ta shimfiɗa sabo. Shi ya sa mai kuka yake fyace hanci.

Su wane ne dogaran?

A shekarar 1921 wani likita mai suna Alexander Fleming yana aiki a wani asibiti a birnin Landan, ƙasar Ingila. Mura ta kama shi. Ya ɗiga majinarsa a kan wasu ƙwayoyin cuta da yake renon su don bincike, sai ya ga sun narke. Ya gwada hawaye, ya ga ƙarfinsa ya kai haka. Har ɓawon lemun tsami suka riƙa matsawa kusa da idanunsu, shi da abokan aikinsa, don su sami hawayen gwaji. A 1922 ya bayyana wa duniya abin da ya gano, aka sa masa suna lisozim. Wannan likita shi ne ya gano maganin nan fenisilin a 1928.

Lisozim shi ne dogari na farko. Aikinsa fasa katangar ƙwayar cuta. Da katanga ta faɗi, sai ƙwayar ta fashe ta mutu.

Na biyu shi ne laktoferin. Shi ba ya dogara ga duka kaɗai. Ƙwayoyin cuta suna bukatar sinadarin ƙarfe kafin su hayayyafa. Laktoferin sai ya tattara ƙarfen ya riƙe, ya bar su da yunwa. Kamar dai a kulle rumbu a hana ɓera shiga.

Waɗannan biyu manya ne. Akwai kuma ƙanana, waɗanda aka daɗe ba a san da su ba. Dukansu, manya da ƙanana, daga furotin aka yi su, wato sinadarin nan mai gina jiki da muke samu cikin wake da nama da ƙwai. Ku ɗauki furotin kamar carbi mai ƴaƴa a jere. Lisozim na mutum ƴaƴansa 130 ne. Ƙananan kuwa guntayen carbi ne, ƴaƴansu ba su cika wuce 50 ba. Masana suna kiran irin waɗannan guntaye feftayid.

Wasu daga cikinsu sunansu difensin, ma'ana masu kariya. Masana na wata jami'a a Kalifoniya, ƙasar Amurka, su suka raɗa musu wannan suna a 1985. A 1987 kuma wani likita mai suna Michael Zasloff ya lura da wani abin mamaki ga wani irin kwaɗo na Afirka. Yakan yi wa kwaɗin aiki da wuƙa, ya ɗinke, ya mai da su cikin ruwa mai dauɗa. Amma miki ba ya ruɓewa. Da ya bincika, sai ya tarar fatar kwaɗon tana fid da irin guntayen nan masu kashe cuta. Wajen ƙarshen shekarun 1990, likitocin ido a birnin Notingam na Ingila suka nuna cewa fatar saman idon ɗan Adam ita ma tana yin difensin nata.

Yaya suke aiki? Kun san yadda maganaɗisu yake jan allura. Haka fatar ƙwayar cuta take jan guntayen nan. Da sun manne mata, sai su huda ta, abin cikinta ya tsiyaye kamar salka da ƙaya ta soka. Ƙwayoyin jikinmu kuwa ba sa jan su haka, shi ya sa ba sa cutar mu.

Difensin iri-iri ne. Akwai wanda kullum yana bakin aiki, kamar dogarin ƙofar fada. Akwai wanda sai an ji rauni ko cuta ta shigo ido yake yin sa da yawa, kamar mutanen gari idan an yi ihun ɓarawo. Akwai kuma wani guntu dabam, mai ƴaƴa 37 daidai, shi ya sa ake ce masa LL-37. Ban da kisan cuta, yana kiran fararen ƙwayoyin jini su kawo gudummawa, yana kuma taimakon miki ya haɗe.

Saboda aikin dogaran nan ne manomi yake yini cikin ƙura, ya koma gida da idonsa lafiya lau. Ƴar ƙaramar ƙarzuwa a gilashin ido takan haɗe cikin kwana 1 zuwa 3, muddin cuta ba ta shiga ba.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce: "Ai mun sha ɗiga ruwan ganye, ido ya warke. Iyayenmu ma haka suka yi." Gaskiya ne ido ya warke. Amma wa ya warkar da shi?

Mu ɗauki ciwon idon nan da muke kira afolo. Ya fara ɓulla a ƙasar Gana a 1969, shekarar da jirgin Amurka mai suna Apollo 11 ya kai mutane duniyar wata. Daga nan ya samo sunansa. Yana kama gida guda, ya bi unguwa. Ido ya yi jawur, ya kumbura, ya yi ta hawaye. Amma ga mafi yawan mutane yana wucewa da kansa cikin mako 1 ko 2. Jiki ne yake cin ƙarfinsa. Wanda ya ɗiga ruwan ganye ya warke. Wanda ya ɗiga ruwan sukari ya warke. Wanda bai ɗiga kome ba shi ma ya warke. Sai dai na farko da na biyu za su yaba wa maganinsu. Dogarai sun yi aiki, wani ya karɓi lada.

Matsalar ita ce, ba kowane jan ido ne afolo ba. Wani jan idon miki ne a kan gilashin ido. Ran da aka zuba wa irin wannan ido ruwan ganye, ran nan aka shiga uku. A ƙasar Tanzaniya likitoci sun ba da rahoto a 1994 game da masu gyambon ido da suka zo asibitinsu. Kusan 1 cikin 4 gyambonsu yana da alaƙa da maganin gida da aka zuba. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido.

Abubuwan da ke korar dogarai

Na farko, ruwan ganye da saiwa da gari. Ko da itacen yana da amfani a ciki, ido ba ciki ba ne. Ganye yana ɗauke da fumfuna da ƙwayoyin cutar ƙasa. Turmin da aka daka shi da ruwan da aka jiƙa shi su ma ba su rasa nasu. Wani ruwan kuma yana da kaifi, yana ƙona fatar da take yin difensin. Ka ga an kashe mai gadi, an kuma shigo da ɓarayi. Fitsari, na mutum ko na dabba, ya fi su muni. Fitsarin mai ciwon sanyi yana iya makantar da ido cikin ƴan kwanaki.

Na biyu, nonon uwa. A nan sai mu yi adalci. Gaskiya ne nonon uwa yana da laktoferin da lisozim. Babu abincin da ya kai shi ga jariri. Amma wurinsa baki ne. Idan idon jariri ya kumbura yana fid da mugunya cikin watansa na farko, wataƙila ya ɗauki cuta mai zafi wajen haihuwa. Irin wannan tana iya huda ido cikin kwana kaɗan, nono kuwa ba ya tsai da ita. Kwanakin da aka ɓata ana ɗiga nono, su ne kwanakin da za a ceci idon. A kai shi gidan likita a ranar.

Na uku, ƴar kwalbar kasuwa. Wannan ta fi ba ni tsoro, domin kamannin maganin asibiti gare ta. Da yawa daga cikin kwalaben nan suna da sinadarin kortizon. Aikinsa shi ne ya kwantar da kumburi da ja. Da ka ɗiga, ido ya yi fari, raɗaɗi ya ragu, ka ce ka dace. Alhali kuwa dogaran aka sa barci. Idan akwai miki, fumfuna sai ta ci karenta babu babbaka, har ido ya huje. Wanda ya daɗe yana ɗiga shi kuma yana iya samun hawan jinin ido ko yanar ido. Likitan ido yana ba da kortizon, amma sai ya duba ya tabbata ya dace.

A nan karatunku zai yi muku rana. Ku ɗauki kwalin, ku duba ƙananan rubutun da ke jikinsa. Idan kun ga suna mai ƙarewa da haruffa s-o-n-e, ko l-o-n-e, to ku ajiye shi, sai in likita ne ya rubuta muku. Kwalbar da aka buɗe kuma, in ta yi mako 4, a jefar da ita. Kada mutum biyu su yi tarayya a kwalba ɗaya.

Na huɗu, tozali. Ado ne da muka gada, ba na cewa mata su bar ado. Amma tozalin dutse da yawa yana ɗauke da dalma, ita kuwa guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro. Kada a sa wa jarirai. Kuma kowace mace ta riƙe tsinkenta. Tsinke ɗaya idan ya bi ido biyar, ya raba musu cuta ɗaya.

Abu ɗaya ne na yarda a zuba wa ido a gida: ruwa mai tsabta. Idan maganin ƙwari ya fantsama maka, ko taki, ko siminti, ko ruwan batir, ko kuwa gamsheƙa ta tofa maka dafi, kada ka tsaya neman kome. Ka buɗe idon a yi ta kwarara masa ruwa, aƙalla minti 15. Sa'an nan a tafi asibiti.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga

Yanzu mu koma gona. Muddin fatar gilashin ido tana nan lafiya, da wuya cuta ta ratsa ta. Amma idan kara ko ƙaya ko ƙaiƙayi ya ƙarje ta, ƙofa ta buɗe. Abin da ya yi raunin ma shi da kansa yake kawo cutar, domin tsiro yana ɗauke da fumfuna. Daga nan tsere ya fara tsakanin dogarai da cuta. In dogarai suka yi nasara, miki ya haɗe. In cuta ta yi nasara, sai gyambo. Gyambo in ya warke yakan bar hakiya. Hakiyar da ta zauna a tsakiyar ido kuwa ta tafi da gani.

A wannan tsere, awoyi ne suke magana. A ƙasar Nefal, ƙasar manoma ce a nahiyar Asiya, an bi mutum 442 da suka ƙarje ido, aka ba da rahoto a 2001. Dukansu an ba su man shafawa na ido mai kashe ƙwayoyin cuta. Mutum 284 sun zo cikin awa 18 da jin rauni, babu ko ɗaya da ya yi gyambo. Mutum 49 sai da suka wuce kwana guda suka zo, 14 daga cikinsu suka yi gyambo. Magani iri ɗaya ne. Lokacin zuwa ne ya bambanta.

Saboda haka, ɗan uwa, idan kara ya tsokane maka ido da hantsi, kada ka murza. Kada ka bari a sa maka harshe ko tsinke don a ciro abin. Ka wanke da ruwa mai tsabta. In har kana jin kamar tsakuwa a ciki, ko ba ka iya duban haske, ka ajiye lauje ka nufi gidan likita kafin rana ta faɗi. Hausawa suna cewa ciwon ido sai haƙuri. Haƙurin a nan shi ne ka hana hannunka murza da zube-zube. Ba zama a gida ba ne.

Cutar da take ɓuya wa dogarai

Akwai ciwon da hawaye kaɗai ba ya iya masa, shi ne amosanin ido, wanda likitoci ke kira tarakoma. Jihohin Maraɗi da Damagaram sun daɗe da saninsa. Ƙwayar wannan cuta wayo gare ta. Takan shige cikin ƙwayoyin fatar ido ta ɓuya, ta hayayyafa a inda dogaran hawaye ba sa isa.

Gidanta idon yara ne. Tana fita cikin kwantsa da majina. Hannu ya ɗauka, gefen zane ya ɗauka, ƙuda ya ɗauka ya kai wa wani. Yaro ya kamu, ya warke, ya sake kamuwa. Kowane kamu yana barin tabo a cikin fatar ido. Bayan shekaru sai tabon ya janye fatar, gashin ido ya juya ciki yana gogar gilashin ido. Shi ya sa za ku ga tsohuwa da matsefata tana tsige gashin idonta. Tabon nan kuma yana lalata wuraren da ke yin majina da hawaye. Ido ya bushe, dogarai su rasa wurin tsayawa, kowace cuta ta sami hanya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan ciwo ya makantar ko ya raunana ganin mutum wajen miliyan 1.9 a duniya. Ta ce kuma makantarsa ta fi faɗa wa mata, har ninki 4 bisa maza, domin su ke tare da yara. A 1998 babban taron hukumar ya yanke shawarar a kawar da makantar wannan ciwo ta hanya huɗu. A yi wa mai juyayyen gashin ido ƙaramin aiki. A raba maganin Zithromax ga jama'ar da ciwon ya yi yawa cikinsu. A wanke fuskokin yara. A tsabtace gari.

Biyu na farko aikin hukuma ne. Biyu na ƙarshe namu ne. Babba mai alwala yana wanke fuska sau da yawa a yini. Yaro ɗan shekara 3 fa, wa yake wanke masa? Moɗa guda ta ruwa da ɗan sabulu sun isa fuskar yaro, safe da yamma. Ƙudan da ke bin ido kuwa, a kan kashin mutum da aka bari a fili ya fi son yin ƙwai. Ba ya hayayyafa cikin ramin salga. Duk wanda ya gina salga ya rage ƙuda a idon ɗansa.

Kada mu ce abin ba ya yiwuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Gana ta fita daga wannan matsala a 2018, Togo a 2022, Mali da Benin a 2023. Ƙasarmu Nijar ma, a watan Janairu na 2025, ita ce ta farko a Afirka da aka tabbatar ta kawar da cutar makantar bakin kogi. Wanda ya tsallake gulbi, ƙorama ba za ta gagare shi ba.

Dogari ma sai ya ci yake aiki

Fatar saman ido tana bukatar bitamin A. In ya yi ƙaranci a jiki, wuraren da ke yin majinar ido sai su mutu. Ido ya bushe, ya daina ƙyalli. Alamar farko ita ce dundumi: da magariba ta yi, yaro ya riƙa tuntuɓe, ya kasa ganin kwanon tuwo. In ba a kula ba, gilashin ido yana iya narkewa. Ƙyanda, wadda wasu ke kira baƙon dauro, tana cinye bitamin A na jikin yaro da sauri. Yara da yawa sun makance ta haka: ƙyanda ta kama su, ido ya yi ja, aka zuba masa magani a gida.

Mu mutanen bakin Gulbin Maraɗi ba mu da hujjar rasa wannan bitamin. Ga zogale a garakenmu, har ana lodinsa zuwa wasu garuruwa. Ga alayyafo da rama. Ga kabewa da karas da gwanda. Ga mangwaro idan bazara ta yi. Ga ƙwai da hanta da man shanu. A sa ɗan mai ko ƙuli-ƙuli cikin kwaɗon ganye, domin da maiƙo ne jiki yake karɓar bitamin ɗin. Kada mu kai na kirki duka kasuwar Maraɗi, mu bar yara da fura zalla.

A 1997 Nijar ta fara haɗa rabon bitamin A da ranakun allurar rigakafi. Ana matsa wa yaro a baki, daga wata 6 zuwa shekara 5, sau 2 a shekara. Kada uwa ta bari ya wuce ɗanta. Allurar ƙyanda kuma ana fara ta da wata 9.

Masu cewa asibiti da nisa

Wani zai ce: "Magana da sauƙi. Ranar girbi wa zai bar gona? Ina kuɗin kabu-kabu, ina na magani?" Wannan kuka ne na gaskiya, ban raina shi ba. Amma mu yi lissafi. Yini guda da ka bari, ƴan uwa za su iya kama maka. Idon da ya tafi kuwa ba a aro. Magidancin da ya makance, gonarsa ta rasa mai noma. Yaron da zai riƙa ja masa gora shi ma ya rasa makaranta. Asarar mutum biyu ke nan a gida ɗaya. Game da yara kuma, a 2006 gwamnati ta yanke cewa ƴan ƙasa da shekara 5 a duba su kyauta a asibitocinta.

Ina kira ga shugabannin lafiya na gundumar Madarumfa. Kafin kaka ta kama, a tabbata kowane ƙaramin gidan likita, daga Safo zuwa Jiratawa, daga Gabi zuwa Ɗan Isa da Sarkin Yamma, yana da man shafawa na ido. A koya wa ma'aikata gane mikin ido, su san wanda za su riƙe da wanda za su tura Madarumfa ko Maraɗi nan take. Gidajen rediyo su riƙa tunatar da manoma tun watan Satumba.

Ina kira kuma ga masu maganin gargajiya da wanzamai da ungozomomi. Jama'a sun yarda da ku, wurinku ake fara zuwa. A ƙasar Malawi, cikin shekarun 1990, likitocin ido sun zauna da masu maganin gargajiya, suka nemi su daina zuba abu cikin ido, su riƙa turo marasa lafiya asibiti. Ku ma kuna iya haka. Wanda ya ce wa mutum "wannan ba nawa ba ne, tafi likita", bai rage darajarsa ba. Ya ceci ido, ba za a manta da shi ba.

Abin da za mu riƙe

1. Kada a zuba wa ido kome sai ruwa mai tsabta, ko maganin da likita ya bayar.

2. A wanke fuskar kowane yaro da sabulu, safe da yamma. Kowa da tsummansa.

3. Kowane gida ya yi salga, a yi mata marufi.

4. Mai sheƙa ta ba iska baya. Mai feshin maganin ƙwari ya sa tabarau, ya wanke hannu kafin ya taɓa fuska.

5. A ba yara ganye da kayan marmari masu launin ja ko ruwan ɗorawa. A kai su rigakafi.

6. A tafi gidan likita a ranar, idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan: rauni a ido, ciwo mai tsanani, kasa duban haske, raguwar gani, farin ɗigo a kan baƙin ido, mugunya a idon jariri, jan ido ga yaro mai ƙyanda ko tamowa, ko gashin ido da ya juya ciki.

Wanda ya karanta wannan, ya karanta wa wanda bai iya ba, a majalisa da wurin biki da bakin rijiya. Idan kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah ya ba mu lafiya, ya bar mu da ganinmu har tsufa.